"An Gwada a Kan Ɓera": Abin da Ya Kamata Ka Sani Kafin Ka Yarda da Maganin Suga na TikTok

Idan kana yawan leƙa TikTok, Facebook ko zaurukan WhatsApp na dangi, da wuya mako ya wuce ba ka ci karo da irin saƙon nan ba: wani ganye, ko haɗin kayan ƙamshi, ko wani ruwa da ake jiƙawa ya kwana, wai yana wanke ciwon suga daga jiki tas. In mai bidiyon yana so maganarsa ta ƙara nauyi, sai ya ce ai masana sun yi bincike sun tabbatar. Wani ma har hoton takardar binciken zai nuna maka, da sunan jami'a da komai.

Sau da yawa ba ƙarya ya yi ba, binciken yana nan. Abin da ya ɓoye maka, ko kuma shi kansa bai sani ba, shi ne a kan wa aka yi shi. Ka buɗe takardar ka karanta, sai ka tarar ɓeraye ne 'yan ƙalilan aka ɗura wa ganyen na 'yan makonni.

Abin ya dami masana kansu. A 2019 wani mai bincike, James Heathers, ya buɗe shafi a Twitter wanda aikinsa ɗaya ne tak. Duk lokacin da wata jarida ta buga babban kanu cewa an gano maganin kaza, alhali a kan ɓera aka yi gwajin, sai ya ɗauko labarin ya ƙara masa kalmomi biyu: a ɓeraye. Cikin 'yan kwanaki dubban mutane suka bi shafin.

To me ya haɗa ɓera da ciwon suga? Kuma in magani ya yi wa ɓera aiki, me hakan ke nufi gare ka? Amsar ta shafe ka ko da shekarunka ba su wuce 22 ba, domin matsalar da ke haifar da mafi yawan ciwon suga tana fara ginuwa ne tun mutum yana ganin kansa garau.

Jiki ma yana kunnen ƙashi

Duk lokacin da ka ci tuwo, shinkafa, burodi, taliya ko dankali, hanji yana narka su su koma sukari, sukarin ya shiga jini. Akwai wata gaɓa doguwa a bayan tumbi da likitoci ke kira fankiriyas. Da ya ji sukari ya ƙaru a jini, sai ya saki sinadarin insulin.

Insulin ɗan aike ne. Yana zuwa wurin tsoka ya ce ta buɗe ƙofa ta kwashi sukari, ya je wurin kitse ya ce ya adana rarar, ya je wurin hanta ya ce ta dakata da zuba nata sukarin cikin jini. Tsoka ce babbar mai saye a wannan kasuwa. A gwajin da likitoci ke yi na ɗura wa mutum insulin da sukari tare, ita ke kwashe kusan kashi 80 cikin 100.

Matsalar tana farawa ne ranar da waɗannan gaɓoɓi suka soma yi wa ɗan aiken kunnen ƙashi. Insulin yana nan, yana ƙwanƙwasa ƙofa, amma ba a buɗewa yadda ya kamata. Wannan shi ake kira bijire wa insulin. Fankiriyas ba ya haƙura, sai ya ƙara yawan 'yan aiken. Wanda da guda ɗaya ke isa, yanzu sai an tura biyu ko uku.

Nan ne hatsarin yake. Muddin fankiriyas yana iya wannan ƙarin aiki, in ka je aka gwada sukarin jininka za a ce lafiya lau. Ba zazzaɓi, ba ciwon kai, ba komai. Ana iya shafe shekaru a haka. Sai ranar da ƙwayoyin da ke samar da insulin suka gaji suka fara gazawa, sannan sukari ya haura, a ce mutum ya kamu da ciwon suga nau'i na biyu.

Ƙungiyar Yaƙi da Ciwon Suga ta Duniya, IDF, ta ƙiyasta a 2021 cewa manya miliyan 537 ne ke da cutar a duniya, miliyan 24 daga cikinsu a Afirka, kuma fiye da rabin na Afirkan ba su san suna da ita ba. Sama da kashi 90 cikin 100 na masu cutar a duniya nau'i na biyu ne ke damunsu.

Wani likita a Landan, Harold Himsworth, shi ya fara bambance abin a fili a 1936. Ya lura cewa wasu marasa lafiya da an yi musu allurar insulin sukarinsu ke faɗuwa nan take, wasu kuwa kamar an zuba ruwa a kwando. A 1988 Gerald Reaven na Jami'ar Stanford ya nuna cewa bijire wa insulin ba ya tafiya shi kaɗai, yana tare da hawan jini, da yawan maiƙo a jini, da ciwon zuciya.

Karnuka ne suka fara nuna hanya

Akwai tambayoyin da ba yadda za a yi a amsa su a jikin mutum. Ba za ka cire wa mutum gaɓa don ka ga me zai faru ba. Ba za ka kulle yaro shekara goma kana ba shi maiƙo zalla ba. Shi ya sa aka koma ga dabbobi.

A 1889, a birnin Strasbourg, Oskar Minkowski da Joseph von Mering suka cire wa wani kare fankiriyas. Karen ya kama fitsari ba ƙaƙƙautawa, da aka gwada fitsarin sai ga shi cike da sukari. Daga nan aka san inda matsalar take. A 1921, a Jami'ar Toronto ta Kanada, Frederick Banting da mataimakinsa Charles Best suka tatso wani ruwa daga fankiriyas suka yi wa karnuka masu suga allura, sukarinsu ya sauka. A watan Janairun 1922 aka yi wa wani yaro ɗan shekara 14, Leonard Thompson, allurar, ya farfaɗo bayan an fid da rai da shi. Kafin wannan lokaci, yaron da ya kamu da nau'i na ɗaya ba ya daɗewa a duniya.

Ke nan duk wanda ya ce maka gwaji a kan dabba shirme ne, bai san tarihi ba. Miliyoyin mutane na raye yau saboda waɗancan karnuka.

Daga baya ɓera ya karɓe filin, kuma dalilan ba ɓoyayyu ba ne. Ba shi da tsadar ciyarwa, cikinsa mako uku ne kawai, yana haihuwa da yawa, kuma duk rayuwarsa shekara biyu ce zuwa uku. Abin da zai ɗauki shekara 20 a jikin mutum, a ɓera za ka gan shi cikin watanni. Ga shi yana da fankiriyas da hanta da tsoka da insulin irin namu.

Ɓeran da ba ya ƙoshi

A 1949, a Cibiyar Jackson da ke jihar Maine a Amurka, masu kula da ɓeraye suka ga wani abin mamaki. Wasu 'ya'yan ɓeraye ba sa ɗaga kai daga abinci, suna ƙiba har nauyinsu ya kai ninki uku na 'yan'uwansu. Jininsu cike yake da insulin, amma jikinsu ba ya ji. Aka sa musu suna ob/ob. A 1966 aka sake samun wani iri a cibiyar, mai ƙiba kamar na farko amma ciwon sugansa ya fi tsanani, aka kira shi db/db.

Wani masani a wurin, Douglas Coleman, ya yi wani gwaji mai ban tsoro. Ya riƙa ɗinke ɓeraye biyu gefe da gefe har jininsu ya haɗu. Da ya haɗa ob/ob da lafiyayyen ɓera, sai mai ƙibar ya rage ci ya fara ramewa. Da ya haɗa db/db da lafiyayye, sai lafiyayyen ne ya daina cin abinci har yunwa ta kashe shi. Coleman ya ce lallai akwai wani sinadari a jini da ke gaya wa ƙwaƙwalwa an ƙoshi. Ob/ob ba shi da shi sam. Db/db kuwa yana da shi jingim, amma ƙwaƙwalwarsa ba ta jin saƙon.

Sai a 1994 Jeffrey Friedman na Jami'ar Rockefeller da abokan aikinsa suka gano sinadarin, suka kira shi leptin. Kitse ne ke samar da shi. Da aka yi wa ɓerayen ob/ob allurarsa, suka rame, sukarinsu ya daidaita. Duniya ta ɗauka an gama da matsalar ƙiba. Kamfanin Amgen ya biya dala miliyan 20 a 1995 don mallakar haƙƙin sarrafa shi.

Da aka zo gwadawa a kan mutane masu ƙiba, sai murna ta koma ciki. Mafi yawansu dama suna da leptin mai yawa a jini, ƙarin da aka yi musu bai yi wani tasirin a-zo-a-gani ba. Amma a 1997, a Jami'ar Cambridge ta Ingila, Stephen O'Rahilly da Sadaf Farooqi da abokan aikinsu suka ba da labarin wasu yara biyu 'yan'uwan juna, 'yan asalin Pakistan, da aka haifa ba su da leptin kwata-kwata, kamar dai ɓeran ob/ob. Irin waɗannan yara allurar ta yi musu aiki sosai, sai dai a duk duniya ba su da yawa.

Ka riƙe wannan labari. Ɓeran bai yi ƙarya ba. Ya faɗi gaskiya a kan masu irin matsalarsa. Mutane ne suka yi gaggawar ɗora amsarsa a kan kowa.

Yadda ake sa wa ɓera ciwo

Babu ɓera guda da ke wakiltar mai ciwon suga. Iri-iri ne, kuma kowanne da tambayar da aka tanade shi ya amsa.

Akwai na gado, irin ob/ob da db/db, da babban ɓeran Zucker mai teɓa da aka gano a 1961. Akwai ɓeran Goto-Kakizaki da masana a Jafan suka samar a shekarun 1970, ta hanyar zaɓar ɓerayen da sukarinsu ya ɗan fi hawa suna haɗa su aure, zuri'a bayan zuri'a. Shi wannan siriri ne amma yana da suga, abin da ke tuna mana cewa rashin ƙiba ba shi ne tsira ba.

Akwai na abinci. Ana ɗaukar baƙin ɓera mai suna C57BL/6 a ba shi abincin da kashi 45 ko 60 cikin 100 na ƙarfinsa daga maiƙo yake. Cikin makonni sai ya yi teɓa, hantarsa ta tara kitse, jikinsa ya bijire wa insulin. Wasu ɓerayen kuma ana cika musu abinci ko ruwan sha da furoktos, wato ɗaya daga cikin sukari biyu da suka haɗu suka zama sukarin da muke zubawa a shayi, kuma yake cikin lemon kwalba. A jikin ɓeraye masu ƙiba ne Gökhan Hotamisligil da Bruce Spiegelman suka nuna a 1993 cewa kitse idan ya yi yawa yana fitar da sinadaran kumburi da ke toshe saƙon insulin.

Akwai waɗanda ake taɓa musu ƙwayoyin gado da gangan. A Cibiyar Joslin da ke Boston, tawagar Ronald Kahn ta riƙa cire ƙofar da insulin ke ƙwanƙwasawa daga gaɓa ɗaya-ɗaya. Da suka cire ta daga tsoka kaɗai, ɓerayen suka tara kitse amma ba su kamu da suga ba, abin da ya ba kowa mamaki. Da suka cire ta daga hanta, abin ya yi muni ƙwarai. Da suka cire ta daga kitse, ɓerayen suka ƙi ƙiba, kuma suka fi sauran tsawon rai da kusan kashi 18 cikin 100. Daga nan aka fahimci cewa gaɓoɓin nan suna magana da juna, kuma hanta tana da babban hannu a lamarin.

Akwai kuma hanyar magani, kuma nan ya kamata 'yan mata musamman su buɗe kunne. Ɗaya daga cikin abubuwan da masana ke ba ɓera idan suna so jikinsa ya bijire wa insulin da sauri shi ne deksametazon. Wannan maganin likitoci suna ba da shi don wasu cututtuka, da awo da lokaci. Amma shi ne kuma wasu ke saye a kemis suna sha don su yi ƙiba, kuma yana cikin wasu haɗe-haɗen da ake kira sha-ka-fashe. Wato abin da ake amfani da shi a ɗakin bincike don a sa wa ɓera ciwo, shi wata ke haɗiya da kuɗinta don ta yi kumatu.

Ɓeran da ke maƙwabtaka da mu

Biyu daga cikin dabbobin da suka fi ba masana darasi daga nahiyarmu suka fito. Na farko wani ɓeran hamada ne na Arewacin Afirka da Gabas ta Tsakiya. A daji ganyen wani tsiro mai gishiri yake ci, wanda ba shi da wani ƙarfi sosai. A shekarun 1960 aka kai shi ɗakin bincike aka ba shi abincin da sauran ɓeraye ke ci lafiya lau, sai ga shi ya yi ƙiba ya kamu da suga.

Na biyun shi ne ɓeran ciyawa na Nilu, wanda ke rayuwa a faɗin yankin Sahel, daga Senegal har Sudan da Masar, ciki har da Nijar da arewacin Najeriya. Manoma sun san ɓarnarsa. Shi da rana yake harkokinsa kamar mutum, saɓanin ɓeran gida. Idan aka tsare shi a keji aka ba shi abinci mai saurin narkewa ya koma sukari, da yawansu sai su bi matakan da mutum ke bi: insulin ya yi yawa, hanta ta yi kitse, sukari ya haura, daga baya ido da ƙoda su taɓu. Idan aka ƙara masa harza a abincin, wato dusa-dusar da ba ta narkewa da wuri, ciwon yana jinkiri ko ma ya ƙi zuwa.

Ba sai an yi maka dogon bayani ba. Jikin da ya saba da gero da dawa da tafiyar ƙasa, ya koma farar shinkafa da burodi da lemo da zama a kan babur ko gaban waya, shi ma ya sauya keji ne.

Inda ake yi mana wayo

Yanzu mu dawo kan ganyen TikTok. Da yawa daga cikin binciken da ake yi a jami'o'inmu a kan zogale, shuwaka da sauran tsirrai, da wani sinadari mai suna alokzan ake sa wa ɓerayen suga, wasu kuma da sitireptozotosin. Ɗaliban kimiyyar sinadaran jiki da na haɗa magunguna sun san su sarai. Abin da waɗannan sinadarai ke yi shi ne kashe ƙwayoyin fankiriyas masu samar da insulin, cikin kwanaki kaɗan.

Ka ga bambancin? Wannan ɓera insulin ɗinsa ne aka kashe, ya fi kama da mai nau'i na ɗaya. Baffanka mai shekara 50 da tumbi kuwa, nasa insulin ɗin ya yi shekaru yana nan jikin ne ya ƙi saurarensa. Ciwo biyu ne daban masu suna ɗaya. Shi ya sa masanan da ke son kwaikwayon nau'i na biyu suke fara ba ɓeran abinci mai maiƙo na makonni, sannan su yi masa 'yar ƙaramar allurar sinadarin. Bugu da ƙari, an san cewa wasu ɓerayen alokzan sukarinsu yakan sauko da kansa, ko an ba su magani ko ba a ba su ba.

Sai maganar awo. A ce an ba babban ɓera miligiram 400 na tatsattsen ganye a kan kowane kilo na nauyinsa. Ƙa'idar da ake bi wajen mayar da awon babban ɓera zuwa na mutum ita ce a raba da 6.2. Ga mai nauyin kilo 70, hakan ya kai kusan giram huɗu da rabi a kullum. Kuma ba ganyen miya ake nufi ba, tataccen abu ne da aka tsotso da sinadarai aka busar. Ba wanda ya gaya maka abin da wannan zai yi wa ƙodarka ko hantarka bayan shekara biyu, domin gwajin makonni kawai ya ɗauka.

Ɗaliban da malamansu ba su yi laifi ba. Haka kimiyya ke farawa, kuma yawancinsu suna rubutawa a ƙarshen takardar cewa ana buƙatar ƙarin bincike. Mai talla ne ke tsallake wannan layin.

Kama da wane ba ta wane

Zuciyar ƙaramin ɓera tana bugawa sau 500 zuwa 600 a minti ɗaya, taka kuwa tsakanin 60 da 100. Da dare yake cin abinci, masu bincike kuma da rana suke aiki, wato ana gwada shi ne a lokacin barcinsa. Ana ajiye shi a ɗaki mai ma'aunin zafi 20 zuwa 22, alhali jikinsa ya fi sakewa a wajen 30, don haka kullum yana ƙona abinci don ya ɗumama kansa. Ɓerayen iri guda kamar tagwaye suke, ƙwayoyin gadonsu kusan ɗaya ne, mu kuwa kowa da nasa. Shekaru da yawa ma mazan ɓeraye aka fi amfani da su, har sai da Cibiyoyin Lafiya na Ƙasa na Amurka suka sa doka daga 2016 cewa masu neman kuɗin bincike su riƙa la'akari da jinsi.

Saboda irin waɗannan dalilai, kusan tara cikin goma na magungunan da suka tsallake gwajin dabbobi suka shiga gwajin mutane ba sa kaiwa kasuwa. Wani ma yakan kai kasuwar sannan asirinsa ya tonu. Maganin troglitazon ya yi fice wajen rage bijire wa insulin, Amurka ta amince da shi a 1997, a 2000 aka janye shi saboda yana lalata hantar wasu marasa lafiya har da asarar rayuka.

Metformin kuwa, wanda yau shi ne maganin farko da ake ba mafi yawan masu nau'i na biyu, asalinsa daga tsiro ne. Wani tsiron Turai ne mai suna Galega da aka daɗe ana maganin gargajiya da shi. Sinadarin da ke cikinsa yana sauke sukari, amma yana da guba, tsiron har dabbobin kiwo yake kashewa. Sai da aka sarrafa danginsa a ɗakin bincike, likita Jean Sterne ya gwada a kan mutane a Faransa a 1957, sannan wani babban bincike a Birtaniya da aka fitar a 1998 ya nuna amfaninsa na dogon zango. Zai yiwu wani tsiron namu ya bi wannan hanya wata rana. Amma sai ya bi ta ɗin tukuna.

Abin da aka gwada a kan mutane

Akwai abin da ɓera ya faɗa kuma mutum ya tabbatar. A shekarun 1980 aka gano a tsokar ɓera cewa motsa tsoka yana buɗe wa sukari ƙofa ko da babu insulin, kuma bayan motsa jikin tsokar tana ƙara jin maganar insulin. Da aka duba a mutane, haka abin yake, kuma tasirin yana kaiwa kwana ɗaya zuwa biyu. Shi ya sa ake son motsa jiki a kai a kai, domin ƙwallon ranar Asabar kaɗai ba ta riƙe mako.

A 2002 aka fitar da sakamakon wani babban gwaji a Amurka a kan mutum 3,234 da ke dab da kamuwa da suga. Wasu aka ba su metformin. Wasu aka taimaka musu su rage kashi 7 cikin 100 na nauyinsu, su kuma motsa jiki minti 150 a mako. Metformin ya rage kamuwa da cutar da kashi 31 cikin 100. Sauya abinci da motsa jiki ya rage da kashi 58. Minti 150 fa rabin awa ne sau biyar a mako, tafiya da sauri ma ta isa. Mai kilo 90 kuma kilo shida da 'yan kai ake nema ya sauke.

Masu kwana a kan waya, ga naku. A 1999 masana a Jami'ar Chicago suka taƙaita barcin samari 11 lafiyayyu zuwa awa huɗu na dare shida. Cikin wannan ɗan lokaci, yadda jikinsu ke kwashe sukari daga jini ya ragu sosai.

Sai lemon kwalba. Robar 50cl ta lemo mai zaƙi tana iya ɗaukar giram 50 na sukari ko fiye, kusan ƙananan cokula 12. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar kada sukarin da ake ƙarawa a abinci ya kai kashi 10 cikin 100 na ƙarfin abincin yini, wanda ga babban mutum kusan giram 50 ɗin ne. Roba ɗaya ta cinye maka kason yini, ba a zo maganar shayi da zoɓo da kunun aya da aka loda wa sukari ba.

Yaushe ya kamata ka je a duba ka?

Duba wuyanka a madubi. Idan bayan wuya ko hammata sun yi baƙi da kauri, sumul kamar karan-miski, kuma an goge an goge sun ƙi fita, ba lallai dauɗa ba ce. Sau da yawa alama ce ta yawan insulin a jini, kuma man bilicin ba zai magance ta ba. Ɗauki igiya ka auna tsayinka, ka ninka ta biyu, ka zagaya cikinka da ita daidai saman cibiya kaɗan. In ba ta haɗu ba, tumbin ya wuce ƙa'ida. Ga mata, al'ada mai tsalle-tsalle tare da ƙuraje da fitowar gashi a haɓa na iya zama alamar wata matsalar ƙwan mace da ke tafiya da bijire wa insulin. Haka wadda ta yi suga lokacin goyon ciki, da duk wanda mahaifi ko mahaifiyarsa ke da cutar.

Gwajin ba wuya. Ka kwana ba ka ci komai ba na aƙalla awa takwas, a ɗebi jini da safe. Bisa ma'aunin Ƙungiyar Ciwon Suga ta Amurka, ƙasa da 100 lafiya ne, 100 zuwa 125 an tsaya a bakin ƙofa, 126 zuwa sama idan an maimaita an samu haka, suga ne. A ɗaya ma'aunin da wasu asibitoci ke amfani da shi, iyakokin su ne 5.6 da 7.0. Akwai kuma gwajin HbA1c da ke nuna matsakaicin sukarin wata biyu zuwa uku. In kana da sikila ka sanar da likita, domin wannan gwajin yana iya ba da amsar da ba daidai ba ga masu ita.

Kafin ka danna "tura"

In bidiyon magani ya zo maka, yi masa tambayoyi huɗu. A kan wa aka gwada, ɓera ko mutum? In ɓera ne, wane iri, kuma ta yaya aka sa masa ciwon? In mutane ne, su nawa, na tsawon wane lokaci, kuma an kwatanta su da wasu da ba a ba maganin ba? Sannan mai maganar, yana da abin sayarwa a ƙarshen bidiyon?

In ba ka samu amsa ba, kar ka tura wa Mama ko Baba. Babban hatsarin shi ne mai ciwo ya ga saƙon daga hannun ɗansa mai ilimi, ya yarda, ya ajiye ƙwayarsa ko allurarsa. Sukari zai ci gaba da aikinsa shiru a ido da ƙoda da ƙafa, sai an kai matakin wankin ƙoda ko yanke ƙafa a fara da-na-sani. Zogale da shuwaka abinci ne masu kyau, a ci su a miya da kwaɗo. Wanda kuma yake son haɗa wani maganin gargajiya da na asibiti, ya faɗa wa likitansa tukuna, domin haɗuwar biyun na iya faɗar da sukari ƙasa fiye da kima.

Kai kuma da kake jin ƙarfinka yanzu, wannan ne lokacin da gyara ya fi sauƙi, tun fankiriyas bai gaji ba. Rage lemon, ajiye wayar ka yi barci, ka sauka daga Keke Napep kafin a kai ƙofar gida ka ƙarasa da ƙafa. In akwai suga a danginku, ka ware safiya ɗaya cikin watan nan ka je a gwada jininka.